Daga ina "atisaye" ta samo asali? Muhawara kan kalmar Latin ta horo

Malamin Wasanni:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina da tambaya ga masana harshe da ke cikinmu. Ni malamin motsa jiki ne a wata sakandare, kuma ina rubuta wa ɗalibaina 'yar takardar darasi da Hausa, don na lura idan na yi bayani da Turanci rabin ajin ido kawai suke zuba min. A saman takardar na rubuta "Atisayen safe". Wani abokin aikina ya gani ya ce in goge, wai atisaye ba Hausa ba ce, exercise ce ta Turawa bakinmu ya lanƙwasa. Na ce to su Turawan a ina suka samo ta? Ya ce daga Latin. Da na bincika sai na tarar da kalma biyu, exercitium da exercitatio, ga kuma ta uku, exercitus, wadda aka ce ma'anarta rundunar soja. Nan kaina ya ɗaure. Wacce ce ainihin kalmar Latin ta motsa jiki ko horo? Kuma me ya haɗa tsalle-tsallen da nake sa yara da rundunar yaƙi?

Malamar Tarihi:
Wa alaikumus salam Malam. Abokin aikinka ya faɗi gaskiya game da asalin kalmar. Atisaye daga exercise take, Turanci ya aro ta daga Faransanci wajen ƙarni na 14, Faransanci kuwa ya ɗauko ta daga exercitium ta Latin.

Kalmomin nan uku da ka gani uwarsu ɗaya, wato aikatau exercere. Ma'anarsa sa mutum ko dabba ko wani abu aiki ba ƙaƙƙautawa, a hana shi zama haka nan. Manomin Rum da ke juya ƙasar gonarsa kullum, da wannan aikatau ake bayyana aikinsa. Mai sana'a da ke gudanar da sana'arsa, shi ma haka. Daga nan aka samu exercitatio, wato yin abu ana maimaitawa har hannu ya faɗa. Ita ce za ka fi gani a rubutun Sisero da Yuliyus Kaisar, a ƙarni na ƙarshe kafin haihuwar Annabi Isa alaihis salam. Exercitium kuwa daga baya ta yi ƙarfi, a zamanin sarakunan daular, ita ce kuma ta haifi kalmomin Turai na yau. Saboda haka duka biyun daidai ne. In kana son Latin ɗin da malamai ke kira gangariya, ka ce exercitatio. In kana neman kakar atisaye, exercitium ce.

Ta ukun ce ta fi burge ni. Rumawa sun kira rundunarsu exercitus, wato wadda aka horar. Sun ga makami, sun ga yawan mutane, sun ga jarumtaka, amma da suka zo raɗa wa runduna suna sai suka zaɓi horon da take sha. Wani masanin harshensu mai suna Varro ya rubuta cewa an kira ta haka ne saboda da atisaye take ƙara kyau.

Bala Ɗan Italiya:
Wallahi Malama kin warware min wani abu da na daɗe ina ji ban taɓa haɗawa ba. Shekarata goma sha ɗaya a nan ƙasar. Sojan ƙasa sunansu Esercito. Aikin da ake ba yarana a makaranta su yi a gida, esercizi. Har shago ko gidan abinci, a takardun hukuma esercizio ake rubutawa. Ni da na ɗauka kama ce kawai ta sauti. Ashe gida ɗaya suka fito. Wani abokin aikina ɗan Sifaniya ma ejército yake cewa in yana nufin soja.

Malamin Wasanni:
Na gode Malama, Allah ya ƙara basira. Yaya ake furta exercitium ɗin? Kada in je gaban yara in faɗi wani abu daban.

Malamar Tarihi:
A furucin Rumawan da, harafin c kullum k ne. Sai ka ce "eksarkitiyum". A coci da makarantun Italiya za ka ji "eksarcitsiyum", da c irin tamu ta Hausa. Kowanne ka ɗauka an san shi.

Mai Kishin Hausa:
Ni fa ina bayan abokin aikin Malam. Duk wannan tarihi da aka kawo ƙara min hujja ya yi. Kalma ta taso daga Rum, ta bi Faransa, ta bi Ingila, ta shigo mana a bakin bindigar mai mulkin mallaka, sannan mu ɗora ta a kan takardar da za mu koyar da 'ya'yanmu? Muna da horo. Muna da motsa jiki. Muna da bita, muna da gwaji. Me ya rage mana da sai mun yi aro? Tun kafin Bature ya zo 'yan dambe da 'yan kokawa suna shirin fage, mahaya suna horar da dawaki. Ba su jira wata kalma daga Turai ba.

Baba Tsohon Saje:
Yarana, ku bar tsoho ya sa baki, don wannan kalma a gidanmu ta girma. Na yi shekara talatin da biyu a soja, mahaifina ma soja ne, yana cikin waɗanda aka kai Bama a yaƙin duniya na biyu. Atisaye a bariki aka haife ta. Da ita da fareti, da kurtu, da kofur, da saje, da samanja, da hafsa, da shi kansa barikin, duk ƙofa ɗaya suka shigo. A zamanin mahaifina Hausa ce harshen soja. Mutumin Binuwai, da Babarbare, da Bazabarme, da Bature hafsa, duk da Hausa ake magana da su. Bature zai faɗi kalmarsa, saje ya maimaita wa kurata yadda harshensa ya iya, shi ke nan ta zauna.

Amma ɗana Mai Kishi, akwai abin da zai faranta maka rai. Mu ma mun ƙirƙiri tamu. Idan za a fita da runduna jeji a kwana ana gwada yaƙi, rawar daji muke cewa. Wannan ba wanda ya ba mu aronta.

Abin da Malama ta faɗa cewa Rumawa sun kira soja "wanda aka horar" ya taɓa min zuciya. Wallahi haka abin yake. Ka ɗauki ƙato ka ba shi kaki da bindiga, bai zama soja ba. Abin da ke mai da shi soja shi ne abin da aka sa shi ya yi sau ɗari, sau dubu, har jikinsa ya riƙa yi ba tare da ya tsaya tunani ba. Ranar da wuta ta buɗe kai ba ya aiki, abin da jiki ya saba shi ke fitowa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Malama 'yata, ko littattafanku sun faɗi yadda suke horar da kurtunsu? Ina son in gwada da abin da muka sha a Depo ta Zariya.

Malamar Tarihi:
Baba, Allah ya ƙara girma da lafiya. Sun faɗa, dalla-dalla ma. Wanda ya fi kowa tattara bayanin shi ne Vegetius, wanda ya rubuta littafi kan harkar soja wajen ƙarshen ƙarni na 4 miladiyya, yana tsamowa daga rubuce-rubucen magabatansa.

Abu na farko da ake koya wa kurtu, wanda suke kira tiro, shi ne tafiya. Ba a fara ba shi makami. Sai ya iya taka mil ashirin na Rumawa, kusan kilomita 30 ke nan, cikin awa biyar na lokacin zafi, ƙafa ɗaya da 'yan uwansa. Awarsu ta bazara ta fi tamu tsawo, don tsawon yini suke rabawa gida goma sha biyu, amma duk da haka tafiya ce. Ana ɗora masa kaya mai nauyin kusan kilo 20. Ana koya masa gudu, da tsallake rami, da iyo. A birnin Rum filin atisayen yana bakin kogin Taiba, idan an gama sai matasa su faɗa ruwa su wanke gumi da ƙura, suna kuma koyon iyo.

Sai batun turke. Kowane kurtu zai kafa gungume a ƙasa, tsayinsa ƙafa shida. A ba shi garkuwar saƙa da takobin itace, kowanne nauyinsa ya ninka na gaske sau biyu. Ya yi ta kai wa gungumen nan hari, kai, haƙarƙari, gwiwa, ya ja baya, ya sake shiga, safe da yamma. Hikimar ita ce ranar da ya riƙe makamin gaske zai ji shi sakayau. Kuma suka ake koya masa, ba sara ba, don sara yana buɗe hammatar mai yi, kuma sau da yawa ƙashi ko sulke na tare shi, suka kuwa ko ɗan kaɗan ta shiga ta gama aiki. Kurata sau biyu a rana, tsofaffin hannu sau ɗaya, kuma babu wanda tsufansa a aiki ke ɗauke masa. Sau uku a wata a fita da kowa da cikakken kaya, mil goma zuwa, mil goma dawowa. In damina ko sanyi ya hana fita, suna da manyan rumfuna masu rufi da aka gina don atisaye kawai.

Akwai wani Bayahude, Josephus, da ya yaƙe su a ƙarni na 1 kafin ya koma ɓangarensu. Ya ce atisayensu yaƙi ne da ba jini, yaƙinsu kuma atisaye ne mai jini.

Baba Tsohon Saje:
Allahu akbar. Shekara kusan dubu biyu, amma kamar a Zariya aka rubuta. Mu ma da tafiya aka fara mana. Makonni muna hagu dama kafin a bar mu mu taɓa bindiga. Kuma buhun da muke soka da banati, shi ne gungumen nasu. Wannan magana ta Bayahuden nan zan sa jikana ya rubuta min ita a takarda.

Abu guda zan ƙara. Na ga lokacin da aka yi sakaci da horo a wata runduna da na zauna, ba zan faɗi wacce ba. Harsashin gwaji ya yi ƙaranci, fita daji ta zama sai an ga dama, yara suka yi teɓa. Da aiki ya taso mun binne waɗanda bai kamata mu binne ba. Har yau in na tuna barci ba ya zuwa da wuri.

Malamar Tarihi:
Allah ya ji ƙansu Baba. Kukan da Vegetius ya yi ke nan, shi ya sa ma ya rubuta littafin. Ya ce a zamaninsa an watsar da atisaye har sojan ƙasa suka ga sulke da kwalkwali sun yi musu nauyi, suka roƙi sarki a ɗauke musu, sannan kibiyoyin abokan gaba suka yi ta cin su. Masana tarihi na ganin ya ƙara gishiri a wannan batu, amma damuwarsa ta gaske ce.

Kuma tun da can sun san darajar abin ne ta hanyar shan kashi. A shekara ta 105 kafin miladiyya ƙabilun arewa suka yi wa rundunonin Rum mummunar ɓarna a Arausio, garin da ake kira Orange yanzu a kudancin Faransa. A shekarar ce shugaba Rutilius Rufus ya ɗauko masu horar da 'yan wasan takobi, waɗanda ke faɗa a fage don 'yan kallo, ya ce su koya wa soja yadda ake suka da kaucewa.

Wani abu kuma da ya faru a nahiyarmu: a shekara ta 128 miladiyya Sarki Hadriyan ya zo Lambaesis, kusa da Batna a Aljeriya ta yau, ya tsaya ya kalli atisayen rundunarsa ta Afirka. Ya bi ƙungiya-ƙungiya yana faɗin abin da ya gani, ya yaba wa waɗanda suka gina katangar dutse cikin yini guda, ya yi wa wasu mahaya gyara. Aka sassaƙa jawabin a jikin dutse, gutsattsarinsa na nan har yau.

Mai Kishin Hausa:
Baba, na ji kuma na girmama abin da ka faɗa. Amma ka ga rawar daji da ka kawo, ita ce hujjata. Da aka bar Bahaushe da harshensa ya samo suna mai daɗi, mai hoto a ciki. Me ya hana a yi haka ga sauran? Yau ka saurari yaranmu 'yan ƙwallo, ko atisayen ma sun bari, "tirenin" suke zuwa. Gobe wani zai zo ya ce tirenin ma Hausa ce tunda an saba. Ina za a tsaya?

Ɗan Damagaram:
Gaisuwa ga kowa daga wannan ɓangare. Yaya Mai Kishi, ina fahimtar zafinka, amma ka dubi lamarinmu a Nijar. Mu Faransanci ne ya shigo mana, kalmomin barikinmu da na makarantarmu daban suke da naku. Yaro a nan lakwal yake zuwa, exercice yake yi a kaye. Atisaye a rediyo na fara jin ta, a labaran duniya, in an ce ƙasa kaza da ƙasa kaza suna atisayen soja na haɗin gwiwa. Ban taɓa jin ta a matsayin baƙuwa ba. Sai yau na san ita da exercice ɗin da ya wahalar da ni a aji 'yan uwan juna ne. In kalma ta shiga baki har mai ita ba zai gane ta ba in ya ji, ni a wurina ta zama tamu. Ka kai wa Bature "atisaye" ka ga ko zai ce tasa ce.

Malamar Tarihi:
Ita ma tirenin ɗin in ka bi sawunta Latin za ta kai ka. Turanci ya samo ta daga wani aikatau na Faransanci mai nufin ja, shi kuma daga trahere ta Latin, wato ja. Tushen da ya ba mu tarakta ke nan.

Game da yadda atisaye ta shigo, abin da Baba ya faɗa ya dace da tarihi. A 1863 wani hafsan Ingila, John Glover, ya haɗa 'yar runduna a Legas daga masu jin Hausa, har ana kiran su Hausawan Glover, kuma daga nan sojan Najeriya ke lissafin asalinsa. A 1897 aka ba Lugga aikin haɗa babbar rundunar Afirka ta Yamma. Duk tsawon lokacin nan Hausa ce harshen umarni da na zaman bariki. Abin da nake so a lura da shi: a Turanci kalmar ta bazu, ta shiga aji, ta shiga asibiti, ta shiga kotu. Da ta iso Hausa sai ta sauka a filin fareti, wurin da Rumawa suka fi saninta. Daga baya ne 'yan ƙwallo da malaman wasanni suka ɗauke ta.

Alaramma Na Bakin Kasuwa:
Assalamu alaikum. Ina karantawa tun ɗazu, bari in kawo abin da na sani ta ɓangaren Larabci, don akwai abin mamaki. Larabawa suna ce wa wasannin motsa jiki riyada. Asalin kalmar horar da doki ne, a ɗauki ɗan doki mai gardama a yi ta fama da shi har ya karɓi linzami. Daga nan malamai suka ɗauke ta suka kai ta kan zuciya. Imam Gazali yana da babi guda a cikin Ihya mai suna Riyadatun Nafsi, kan yadda mutum zai horar da ransa ya bar mugun hali ta hanyar maimaita kyakkyawa har ya zame masa jiki. Lissafi ma riyadiyyat suke ce masa, don horon ƙwaƙwalwa ne. Aikin da ake ba ɗalibi a ƙarshen darasi kuwa tamrin ne, daga tushen da ke nufin laushi da sabo.

To ku dubi horo tamu ta Hausa. Muna horar da doki, muna horar da yaro, muna horar da soja. Hanya ɗaya muka bi da Larabawa. Mu a tsangaya ba mu san wata dabara ta riƙe Alƙur'ani ba da ta wuce tilawa da tishe. Gardi ya kwana uku bai yi tilawa ba, shi da kansa zai ji harshensa ya yi nauyi.

Malamar Tarihi:
Allah ya gafarta Malam, wannan ƙari ne mai amfani. Turai ma kalmar ta bi wannan hanya. Malaman balaga na Rum suna cewa mai son iya magana a gaban jama'a yana bukatar sanin ƙa'ida, da koyi da gwanaye, da exercitatio. Daga baya Kiristoci suka kai ta fagen ibada. Littafin Ignatius na Loyola, wanda shi kansa tsohon soja ne da ya ji rauni a yaƙi, sunansa Exercitia Spiritualia, an buga shi a Rum a 1548. Girkawa ma kalmarsu askesis da farko horon ɗan wasa take nufi, daga baya ta koma nufin gudun duniya da takura wa rai.

Auwalu Mai Ɗaga Ƙarfe:
Ni dai na ɗauka jim ita ce kalmar Latin ɗin. Kuma akwai wata magana da aka rubuta a bangon wurin da nake ɗaga ƙarfe, mens sana in corpore sano, aka ce mana Rumawa ne suka faɗa don a riƙa motsa jiki.

Malamar Tarihi:
Ƙanena, jim daga Girkanci take. Gymnos na nufin tsirara, don a haka matasan Girka ke wasanninsu, abin da dattawan Rum na da suka ƙyamata. Rumawa aron kalmar suka yi, ka ga su ma suna aro. Maganar bangon kuwa ta mawaƙi Juvenal ce, ma'anarta lafiyayyen hankali a cikin lafiyayyen jiki. Sai dai shi yana magana ne kan abin da ya kamata mutum ya roƙa a addu'a maimakon dukiya da mulki da tsawon rai. Mutanen baya ne suka ɗauke ta suka kai filin wasa. Sunan kamfanin takalma na ASICS ma daga wani salo na wannan jimla aka harhaɗa shi.

Irinku masu ɗaga ƙarfe kuwa akwai su a Rum. Masanin falsafa Seneka ya taɓa zama a saman gidan wanka na jama'a, ya rubuta wa abokinsa yadda yake jin nishin masu ɗaga dalma daga ƙasa. Shi ra'ayinsa a yi ɗan gudu da tsalle a taƙaice a koma ga karatu, ya ce duk yadda ka tara ƙwanji ba za ka kamo bijimi ba.

Malamin Wasanni:
A nan kam ban bi Seneka ba, Malama. Irin wannan tunani ne ya sa ake mai da darasina abin da za a yanka duk lokacin da jarrabawa ta matso. A ce yara su bar fili su shiga aji, kamar jikin ba nasu ba ne. Ni da idona na ga yaran da ba sa iya zama minti goma a aji, da suka fara fita gudun safe suka natsu. Wata shekara an karɓe mana rabin filin wasa aka yi gini, tun daga nan nake raba yara kashi uku kafin kowa ya samu wurin miƙe ƙafa.

Anti Nas:
Malam, likitocinsu suna bayanka ko da masu falsafa ba sa yi. Mun taɓa wannan a darasin tarihin aikin jinya. Celsus, wanda ya rubuta littafin magani da Latin a ƙarni na 1, ya lissafa abubuwan da ya ɗauka motsa jiki ne: tafiya, gudu, wasan ƙwallo, wasa da makami, har da karatu da ƙarfi. Ya ce a tsaya idan gumi ya fito, ko an ji gajiya amma ba a kai ga galabaita ba. Galen kuma, wanda ya fara aiki a matsayin likitan 'yan wasan takobi, ya ce ba kowane motsi ne ya cancanci sunan ba, sai wanda ya sauya numfashin mutum. Har gobe da wannan muke auna wa masu hawan jini da ciwon suga: in kana tafiya numfashinka ya ɗaga amma kana iya magana, ka kama hanya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya samu aƙalla minti 150 a mako, yara 'yan makaranta kuwa minti 60 kowace rana. Ka kai wa shugaban makarantarku wannan adadi.

A asibiti dai motsa jiki muke cewa. In na ce wa tsohuwa ta riƙa atisaye, za ta ɗauka fareti nake nufi.

Mai Kishin Hausa:
Yauwa Anti! Kin ga abin da nake faɗa. Motsa jiki kowa ya ji ya gane, tsoho da yaro, birni da ƙauye. Malam ya rubuta "Motsa jikin safe" ko "Horon safe", magana ta ƙare.

Malamin Wasanni:
Yaya Mai Kishi, horo kam ba zan sa ba, kuma ga dalilina. A kunnen ɗalibi, horo bulala ce. In aka ce za a yi wa wane horo, kowa ya san kamun kunne ne ko yankan ciyawa ko tsallen kwaɗo. Shekara da shekaru ina yaƙi da malaman da ke hukunta yaro da zagaya fili, don suna sa yara su tsani gudu har girmansu. In na rubuta "Horon safe" na rusa aikina da hannuna.

Tsakanin sauran biyun kuma, muhawarar nan ta sa na ga bambancin da da ban iya faɗa ba. Motsa jiki shi ne abin da Anti ke nema wa marasa lafiyarta, jini ya zaga, gumi ya fito. Amma in na tsayar da yarinya tana buga ƙwallo a bango sau hamsin da ƙafar hagu don ƙafar ta koyi abin da ba ta iya ba, wannan ya wuce motsa jiki. Shi ne gungumen kurtun Rum, shi ne buhun su Baba. Ba ni da wata kalma da ta kama wannan kamar atisaye.

Malamar Tarihi:
Abin da ka faɗa kan horo ya faru da Latin ma. Disciplina da farko koyarwa ce, daga kalmar ɗalibi, sannu a hankali ta koma ladabtarwa da hukunci a harsunan da suka gaje ta.

Mai Kishin Hausa:
Na yarda da batun horo, ban yi tunanin kunnen yara ba. Amma ban sauka daga kan bakana ba game da aro. Atisaye ta riga ta tsufa a cikinmu, na bar ta. Tirenin kam ba zan karɓa ba, kuma ina roƙon Malam in ya ji ta a bakin ɗalibansa ya gyara musu. Sannan me zai hana bita? Mai wasan kwaikwayo yana bita, ɗalibi yana bita, ma'anar maimaitawar tana ciki.

Alaramma Na Bakin Kasuwa:
Bita ta fi zama a kan abin da aka riga aka koya ake sake bi. Wanda bai iya ba tukuna, ba bita yake ba.

Baba Tsohon Saje:
Malam, ka rubuta atisayenka. In yaran sun tambaye ka inda ta fito, ka ba su labarin gungumen nan da takobin itace mai nauyi biyu, za su riƙe shi fiye da duk abin da ke takardar. In makarantarku ba ta yi nisa da Kaduna ba, ni da kaina zan zo wata safiya in nuna musu yadda ake taka ƙafa ɗaya. Gwiwa ta fara ciwo amma murya na nan.

Malamin Wasanni:
Baba, wannan alfarma ce babba, zan neme ka ta akwatin sirri mu tsara rana. Ga yadda na gyara takardar: babi na farko "Motsa jiki", na kowa da kowa, minti goma sha biyar kafin shiga aji. Babi na biyu "Atisaye", na 'yan ƙwallo da 'yan gudu, ranar Talata da Alhamis da yamma. A ƙasan shafin farko zan sa layi uku kan exercere da exercitus. Malama, zan turo miki ki duba min rubutun Latin ɗin kafin in kai a buga ranar Litinin.

Malamar Tarihi:
Turo Malam, zan duba da daddare in sha Allahu. Ka kula da harafin c na tsakiya, masu buga takarda sukan mai da shi s.